Minti Ashirin na Malam Nwabueze

Duk wanda ya zauna a Sabon Gari ya san Malam Nwabueze, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai jan biro a aljihun gaba, wanda in ka gaishe shi sai ya amsa, sannan ya gyara maka gaisuwar. A Kano aka haife shi, kuma lissafi yake koyarwa a wata sakandare a Rijiyar Lemo. Ni maƙwabcin mahaifiyarsa ne a Kasuwar Sabon Gari. Ina sayar da robobi, ita Mama Ifunanya tana sayar da busasshen kifi da kayan miya tun kafin in fara aski da kaina.

Abin da ya fi so a duniya shi ne ajinsa na ranar Asabar, a wani ɗaki bayan cocinsu, inda yake koya wa yaran unguwa harshen Ibo. Yaran nan haihuwar Kano ne, Hausa a bakinsu kamar 'yan Kwaciri, amma in kakarsu ta kira waya daga gida sai su miƙa wa uwarsu. Ya fara da yara arba'in. Yakan cika allo da rubutu, ya bi littattafansu da jan biro har takarda ta koma kamar an yanka kaza a kai. Cikin shekara uku suka koma shida. Sai Ambrose, shugaban kwamitin coci, ya ce mawaƙan cocin na son ɗakin. In Asabar ɗin ƙarshen zango ta zo babu ɗalibai goma sha biyar, zai karɓi makulli.

Nwabueze ya shiga intanet neman horon malaman Ibo. Abin da ya ci karo da shi kwas ne na ƙarin horo ga malaman Yiddish, harshen Yahudawan Gabashin Turai, wanda jikoki da yawa suka tashi ba su iya ba. Ya rubuta musu doguwar wasiƙa, ya ce ciwonsu ɗaya. Suka yarda ya zauna a matsayin baƙo a darussan dabarun koyarwa, waɗanda ake yi da Turanci ta intanet. Ƙarfe uku na yamma, Talata da Alhamis, a rumfata yake zama, don nan ne sabis ɗin waya ya fi ƙarfi.

Na ce, “Malam, an aike ka neman Ibo, ka dawo da na Yahudawa?”

Ya ce, “Alhaji, daga dama suke rubutu kamar ajaminku. Ka ga kai ma danginka ne.”

Malamar tasu wata dattijuwa ce mai farin gashi. A mako na huɗu ta tambaye shi wa ke magana da harshen a gidansu ba tare da tsayawa tunani ba. Ya ce mahaifiyarsa. Sau nawa ta shiga ajinsa? Ya ce ko sau ɗaya, domin Ibon ƙauye take yi, kuma ya cika da Hausa: albasa, wahala, ciniki. Dattijuwar ta yi dariya, ta ce nasu harshen ma duk maƙwabcin da suka zauna da shi sai da suka ɗebi kalmominsa. Sai ta ba kowa aikin ƙarshe: ya kawo tsoho ko tsohuwa ajinsa, ya yi shiru na minti ashirin, a ɗauka a waya a aiko mata.

Na san Nwabueze shekara ashirin, ban taɓa ganin ya yi shirun minti biyu ba sai yana cin abinci.

Da ya je wa Mama da maganar, ba ta ko ɗago kai daga kifinta ba. Da Hausa ta amsa, don in ji.

“Ni da ka ce Ibona ya lalace?”

“Mama, ban ce ya lalace ba. Na ce ya gauraya.”

“Kai ma ka gauraya. Wace rana ce?”

Daga nan duk matar da ta zo sayen kifi sai Mama ta riƙe ledar, ta tambayi 'ya'yanta nawa, ta ce a turo su ran Asabar, sannan ta saki.

Ranar ta zo, Asabar ɗin ƙarshen zango. Ni aka ba riƙon waya. Mama ta shigo da faranti cike da kayan miya ta dire a teburin malam, ta tura ɗanta benci na baya. Ba ta taɓa allo ba. Takan ɗaga abu ta faɗi sunansa, ta ba yaro ya shinshina, sannan ta sa shi ya taya da Ibo. Wanda ya yi kuskure sai ta ce ba ta sayarwa, ajin ya fashe da dariya, yaron ya sake gwadawa. Nwabueze ya zauna a kan tafin hannayensa, leɓensa na motsi kamar mai lazimi.

Ambrose ya tsaya a bakin ƙofa yana ƙirga kawuna. Goma sha huɗu. Ya sake ƙirgawa, ya dubi Nwabueze da ɗan tausayi, ya miƙa hannu don makulli.

Mama ta ɗaga wani ƙullin ganye, ta yi masa wata doguwar tambaya da Ibo. Ambrose ya sosa ƙeya. Shi ma a Sabon Gari aka haife shi.

Ya ce da Hausa, “Mama, ki ɗan maimaita a hankali.”

Ta ce, “Na san uwarka, a wurina take sayen wannan. Zauna can kusa da yarinyar nan. Nwabueze, kai ne malamin lissafi, nawa ke nan?”

A nan shirun ya karye, a minti na goma sha bakwai. Ya ce, “Sha biyar, Mama.”

Ambrose ya yi dariya har da riƙe ƙofa, ya zauna, ya ce zai gaya wa mawaƙa su ƙara haƙuri zango ɗaya. Da aka aika wa dattijuwar hoton bidiyon, ta rubuto cewa saura minti uku, amma ta yafe, kuma tana son sanin sunan ganyen.

Yanzu ajin yakan kai ashirin, wani makon sha biyu. Mama na zuwa Asabar ɗin farkon wata, ni nake duba mata rumfa. Ambrose ya zo sau biyu, sai ya ce aiki ya yi masa yawa. Jan biron yana nan a aljihun Nwabueze. Jiya ma da na gaishe shi da Ibon da na tsinta wurin Mama, na ga hannunsa ya nufi aljihu, sai ya fasa, ya amsa kawai.