Ba Bana Ba

Inna Kulu, kakata ta wajen uba, tana da wata tatsuniya da ta fi kowace ba ni haushi. A gidanmu na kusa da Hubbare, in an gama cin tuwo sai mu kewaye murhu tun garwashi bai mutu ba, ita kuma ta miƙe ƙafa tana goga goro a magogi. Ko wace muka roƙa, wannan dai za ta ɗauko.

Wai tsuntsuwa ce ta jefa wa wata mata ƙwayar iri a ƙwarya, ta ce furensa ya fi lallen amarya ja. Matar ta shuka a bayan ɗaki, tana ba shi ragowar ruwan alwala. Ya tsiro, ya yi ganye. Akuya ta cinye, ya sake tohowa. Maƙwabta suka yi ta dariya, ya ƙara ganye.

"Inna, to ya yi hure?"

"Ba bana ba."

"To yaushe?"

"Ke ɗiyag ga, mi kika ma sauri? Saiwa shika yi. Ku tashi ku kwanta."

Shi ke nan fa, ko ƙurunƙus babu. Har kuka na taɓa yi don takaici.

Da aka sa ranar auren 'yata Hadiza, maƙwabciyata a Tudun Wada, Malama Rifkatu, ta ba ni irin furen da take yanka tana kaiwa coci. Ta ce in ya kama ƙasa, kowace shekara da kansa zai dawo. Na ci burin amaryata ta riƙe furen tsakar gidan uwarta, ba na roba ba. Na rene shi a gwangwanaye, na dasa a inuwar katanga, ina bin sa da ruwan wankin shinkafa cikin zafin nan namu. Sai ganye yake ta zubawa kamar alayyahu. Da na kai ƙara, Malama ta dafe ƙirji.

"Au, ban gaya miki ba? Shekarar farko ba ya fure."

Biki ya zo, Hadiza ta riƙe na roba, ni kuwa kamar in fashe.

Washegarin kai amarya na tarar da maigidana a kan shukar da fartanya.

"Hajiya, hakin ga ko miya ba shi yi. Bari in sa muna yakuwa. Ina huren?"

Na sha gabansa. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Ba bana ba." Da muryar Inna sak, ita da ta daɗe da rasuwa.

Damina ta zagayo, furen ya buɗe ja wur a makon da Hadiza ta haihu. Na yanko da sassafe ranar suna, na kai ɗakin mai jego. Sunan Inna aka sa wa jaririyar.

Har yau ina jin haushin tsohuwar nan. Da ta ce "sai baɗi" ai da ta hutar da ni. Amma na gane ba ƙarshen labarin take rowa ba, so take mu koyi zama da abin da bai ƙare ba. Na ajiye furen kusa da kan jaririyar, na raɗa mata a kunne:

"To Inna, ya yi hure. Ƙurunƙus."