Kiran Tsohon Mai Fito

A gidanmu na Hadeja, bakin murhun bandar kifi kakarmu Iya take zama bayan magariba. Mu biyu ne jikokinta a gidan, ni da Zulai 'yar baffana. Duk wanda ya gane inda tatsuniya ta dosa, shi Iya take ba kan tarwaɗa. Ban taɓa ci ba. Zulai ce kullum, kuma wallahi ƙyashinta nake ji har cikin wuyana.

"Ku matso, ta iso gare ku," in ji Iya. Ta ce an yi wani tsohon mai fito da ya rage shi kaɗai a kogi. Wani saurayi ya zo da buhun shinkafa, ya kwana uku yana ƙwala masa kira daga gaɓa, tsoho ko ɗaga kai bai yi ba. Sai wata yarinya ta koma gari ta tambayi tsofaffi yadda ake kiransa a da. Ta dawo ta buga icce sau uku, ta faɗi sunan kakanta, sannan ta faɗi kayanta. Tsoho ya turo kwalekwale.

Na ce kurma ne kawai. Zulai ta ce, "Ba a kira shi yadda ya saba ba." Iya ta miƙa mata kan kifi, ta dube ni. "Kai mijin nan nawa, baki gare ka, kunne babu."

Da muka girma, duk mun karanta kwamfuta. Bara wani kamfanin casar shinkafa ya ba ni aikin haɗa sabuwar manhaja da tsohon sikelinsu. Dole sai na kira wani tsohon umarni na tsarin da ke tafiyar da kwamfutar. Kwamfaila, wato manhajar da ke tantance rubutunmu, ta ƙi. Jan rubutu kawai take zubo mini, wai ba ta san shi ba. Manaja ya ce in Juma'a ta wuce zai ba wani aikin.

Na san Zulai za ta iya. Kwana uku na yi ina sauya layuka barkatai don kada in kira ta. Ranar Alhamis na haɗiye girman kaina na buga mata waya, na faɗa mata matsalar.

"Yaya, ka karanta tsohon littafin bayaninsa?"

Ban karanta ba. Ashe sai an gabatar da umarnin a saman fayil, an jero masa bayanai a tsarin zamaninsa. Layi biyu na gyara, sikeli ya amsa.

A da na yi ta zaton Iya son kai take yi. Yanzu na gane Zulai komawa take ta tambaya, ni kuwa ƙara murya nake yi. Na aika mata kwandon bandar tarwaɗa Kano, inda take zaune. Amma kafin in ɗaure, na cire kai ɗaya na ci a tsaye.