Tsumman da Ba Ya Jiƙa

A gidanmu na Furana ba don mu ake hura wutar tatsuniya ba. Kakata Iya Dije ce ke ɗora tukunya bayan magariba ta dafa tsummokin jariran gidan, mu kuma mu zagaye ta da sunan taya ta iza kara. Ba ta yarda wata suruka ta karɓe mata wannan aikin. Tsofaffin zannuwanta na saƙi take yagawa, ta dafa su da ruwan toka, da safe ta shanya a kan danga rana ta gasa su. Muna toshe hanci, ita kuwa tana juyawa da muciya kamar mai tuƙin tuwon biki.

"Ke Balaraba, sauke hannun nan daga hancinki," ta ce da ni. "Naki ya fi wannan wari, kuma ni na dafa shi."

Sai an gama yi mini dariya ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri." Mu ce ta shigo.

Wadda ta fi yi mana ita ce ta wata mai jego da wanki ya ishe ta. Ta zauna a bakin rafi tana kuka, hannayenta duk sun tsattsage. Sai wata tsohuwa ta fito daga cikin ruwa ta miƙa mata farin tsumma mai ƙamshi, ta ce ta ɗaura wa ɗanta, ba zai taɓa jiƙa ba. Sharaɗin ɗaya ne, kada ta tambayi da me aka saƙa shi. Matar ta ɗaura, ta huta. Ta yi daka, ta je suna, ta je barka, zanin goyonta a bushe. Kwana bakwai ba ta kwance tsumman ba, tunda ba ta ga dalili ba. Ran na takwas da ta kwance, sai fatar yaron ta biyo tsumman.

A nan Iya ke tsayawa. Mu yi ta roƙo. Yaron ya warke? Ta koma rafin ta kama tsohuwar?

"Ta koma," in ji ta. "Ta tarar matan gari sun yi layi suna karɓa. Ta ƙare ke nan, kowa ya nemi tabarmarsa."

Haushi nake ji. A raina nakan ce wannan mata sakarya ce, ni da wayona haka ba za ta taɓa faruwa da ni ba.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Makarfi, ina zaune a ɗakin haya da 'yata Hauwa mai wata goma. Maƙwabciyar da ke riƙe mini ita in na tafi aji ta ce ba ta karɓar yaro da tsumma. Sai na koma kunzugun leda, irin wanda ake zubawa a buhu a kasuwa, ba suna ba rubutu. In fitsari ne kawai, sai in shanya shi a katanga ya bushe in sake ɗaura mata, kamar dai tsumma. Duk matan layinmu haka muke yi, har muna yaba wa juna iya tattali.

Ranar da na ga cinyoyin Hauwa sun yi jajur sun sale, ga wasu fararen ƙwayoyi kamar jiƙaƙƙen sukari manne a jikinta, na ruga asibiti.

"Haba Malama, har da ke?" in ji ma'aikaciyar jinya. "Wannan ba a maimaita shi. Akwai turare a ciki, akwai rini, akwai abin da ke shanye ruwa. Marar sunan nan kuwa, mu ma ba mu san me aka zuba masa ba. Ki koma auduga, ki riƙa barinta tana shan iska."

Na gwada, Allah ya gani. Zannuwana rabinsu roba ne, fitsari zamewa yake ta kansu. Rijiyar gidanmu ta ƙafe tun farkon bazara, ruwan da nake samu da ƙyar yake isar girki da alwala, balle a dafa tsumma. Kwana goma na yi, maƙwabciya ta kawo mini ita makaranta da rana tsaka, shugabanmu kuma ya ce aji ba wurin raino ba ne.

Da ina yarinya na ɗauka ragwaye Iya ke zagi. Sai yanzu na lura ba ta taɓa kiran matar raguwa ba ko sau ɗaya. Ta san gajiya, ta kuma san sanin illar abu ba ya hana wanda ba shi da mafita ya miƙa hannu. Wannan ya fi komai ci mini rai, domin ni an faɗa mini tun ina shekara bakwai.

Dole na koma kunzugun leda. Na daina shanyawa in maimaita, amma ciwon yana lafawa yana dawowa. Hauwa ta riga ta gane ƙarar ledar. Yau da safe ina buɗewa ta rarrafa ta ɓuya bayan buhun masara, ta leƙo tana kallona. Bakwai da rabi ta wuce. Na janyo ta, na haɗa ƙafafunta biyu a hannu ɗaya na ɗaura mata, ban iya kallon fuskarta ba.