Goyon da Inna ta yi bayan gashi

Da ciwon daji ya shiga ƙashin bayan Inna, gidanmu na Kabara ya koma tashar mota. Masu dubiya tun daga soro har bakin gadonta, kowa da maganinsa a leda, kowa da labarin wadda ta yi irin ciwon ta mutu. Su ci tuwonmu, su cika ta da sannu, ita kuwa ko juyi ba ta iyawa. Abu ɗaya ke cin ranta: matar yayana ta haifi jikarta ta fari, amma Inna ba ta taɓa goya ta ba.

Likita ya ce za a yi mata gashi da na'ura. Bai ɓoye mana ba, ba warkewa ba ce, zafin ne zai lafa na wani lokaci. Ya kuwa lafa.

Sai Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta yi karatun likitancinta a wayar hannu, ta shelanta cewa wanda aka gasa yana fitar da haske mai ƙona na kusa da shi. Likita ya ce ba haka ba ne. Na miƙe zan ƙaryata Gwaggo, Inna ta riƙe ni.

"Ke, ƙyale su. Yaushe rabona da barcin rana?"

Har ƙara gishiri take yi. Ta ce wa maƙwabciyarmu, "Hajiya, kar ki matso, jiya ƙuda ya sauka a kaina ya faɗi." Nan da nan dubiya ta koma ta ɗaga murya daga soro, tuwo ya fara kwana.

Ashe matar yayana ma ta ji. Ta kwashi jaririya sai gidan iyayenta a Gwale. Na yi sintiri, na yi rantsuwa, ta ce ai da bakin Inna aka ji zancen ƙuda. Ranar na ji haushin kowa, har Innar.

Da ƙyar matar yayana ta kawo jaririyar. Inna ta ɗaura zani, na tallafe yarinyar ta baya, suka zaga tsakar gida, Gwaggo na salati daga soro.

Yarinyar tana firamare yanzu, ko gashin girarta bai ƙone ba. Amma rarrashin uwarta ya cinye kwanakin sauƙin. Kafin a sake kawo ta zafin ya dawo, goyon Inna bai wuce wannan ɗaya ba.