Ranin Da Ba Mu Dasa Albasa Ba

Na yi shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane a Rabah cewa majalisar Ingila ita ta haifi sauran majalisun duniya. Haka littafin ya ce, ni kuwa a lokacin ban saba gardama da abin da aka buga da inji ba. Nakan zana musu ita a allo, kujeru na fuskantar kujeru, in ce a nan ne manya ke saɓani cikin ladabi su tashi da shawara ɗaya. Allah ya rufa mini asiri, na ajiye alli na koma gida Wurno kafin shekarar da rediyo ya shiga ƙaryata ni kowace la'asar.

Mu uku ne a gidan, kuma gandu ɗaya muke tun rasuwar Baba: gonar tudu ta gero da dawa da wake, sai fadamar albasa. Yaya ke riƙe da komai, ba mai hawa rumbu sai da izninsa. Ni na tsakiya, aikina a gandu taki ne da surutu. Sai Auta, wanda gemunsa ya fara furfura, ya aurar da 'ya, amma har yau in an kira shi da wani suna ba ya waiwayowa. In an idar da sallar la'asar mukan zauna a zaure mu kunna rediyo, mu zarce da hira har a fito da tuwo, mu ci a kwano ɗaya.

A shekarar, mutanen Ingila sun riga sun jefa ƙuri'a cewa za su fita daga ƙungiyar da ta haɗa su da maƙwabtansu na Turai. Abin da ya rage majalisarsu ta amince da yadda za a rabu. Matar da ke shugabancin gwamnati sai ta kawo yarjejeniya, su ƙi. Ta koma ta kawo, su ƙi. Da yake ni ne ɗan bokon gidan, a kaina bayani ya faɗa.

"Malam, mi sunka ce yau?" in ji Yaya.

"Sun ƙi, Yaya."

"To su zamna mana."

"Zaman ma sun ƙi shi."

"Hitar hwa?"

"Hitar suna so. Ƙofar da za a bi ta ba su yarda da ita ba."

Yaya ya jinjina kai. "Waɗanga na kaka koya ma ɗiyan mutane?"

Na ce littafin tsoho ne.

Cikin irin wannan zaman ne, albasa na ƙasa tana shan ruwa, Auta ya rage muryar rediyo da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Yaya, ni ma hita nika so. A ba ni rabona in noma da kaina."

Ba wanda ya yi mamaki. Ya daɗe yana son ya gwada tafarnuwa a fadama, Yaya kuwa yana ganin tafarnuwa magani ce, kuma mai hankali ba ya cika fadama da magani. Bayan haka akwai ciwon da Auta bai faɗa ba: mutum mai suruki ya tsaya yana neman izni kafin a fitar wa iyalinsa damin gero. Yaya bai yi fushi ba. Ya ce haƙƙinsa ne, a kira Kawu.

Kawu ƙanen mahaifiyarmu ne, shi kaɗai ya rage mana a manya, kuma a Giyawa yake zaune. Ya iso a bayan babur, ya saurari kowa, ya ce rabuwa ba laifi ba ce, kakanninmu ma sun rabu. "Amma ba a raba gandu da shuka a ƙasa. Iri na kowa na, taki na kowa na, gumi na kowa na. Ku bari a kau da amfani, ƙasa ta zama wofi, ku aiko mani in taho da igiya." Duk muka amince. Ni har na yaba hukuncin da dogon jawabi, irin wanda nakan yi ranar raba sakamako. Kawu ya ci abinci, aka ɗaura masa albasa a bayan babur, ya tafi yana ganin ya kashe magana.

A Giyawa hukuncin Kawu ba shi da aibi. Can ruwan sama kaɗai ake jira. In an yanke dawa an roro wake, gona ta koma ta awaki da jakuna har wata damina. A Wurno kuwa, tun da ruwan madatsar Goronyo ya daidaita mana noman rani, ƙasarmu ba ta san wofi ba. Kafin dawa ta nuna an yafa irin albasa a reno. Kafin a ɗebe albasa an dasa shinkafa a ɓangaren da ya fi ruwa. Kafin a yanke shinkafa hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na yi imani Yaya bai shirya wannan da Kawu ba. Na kuma yi imani ya gane shi kafin babur ɗin ya kai Marnona.

Da aka ɗebe albasa Auta ya ce, "Yaya, a aika Giyawa?"

"Shinkafa hwa? Ko ita ba shuka ba ta?"

Da aka yanke shinkafa ya sake tambaya. Yaya ya ce, "Ayya, jiya nig gama binne a tudu." Binne shi ne a zuba gero a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan farko. Yaya ya sha cewa aikin marasa haƙuri ne, mai ciyar da tsuntsaye. A shekarar shi ya riga kowa a unguwarmu.

Can Ingila ma ranar da suka sa ta fita ta zo ta wuce suna ciki, aka ƙara musu wa'adi, aka sake ƙarawa. Duk ranar da rediyo ya faɗi haka sai Yaya ya gyara zama ya ce mutanen nan suna da natsuwa. Auta ya ce natsuwar banza. Ni kuma na ga dama ta samu da zan nuna amfanin karatu, na shiga kawo hanyoyi ina zana su a ƙasa da tsinke. Na ce a raba fadama yanzu, tudu daga baya. Yaya ya ce Kawu gandu ya ce, bai ce rabin gandu ba. Na ce a yanka wa Auta babbar gayauna ya yi tafarnuwarsa yana cikin gandu. Auta ya ce shi ba yaro ba ne da za a ba shi gefen gona ya yi wasa. Na ce a raba da shukar a ƙasa, kowa ya yafe wa kowa. Suka haɗu su biyu suka ce ina so in maida Kawu mutumin banza. Wannan ce kaɗai ƙuri'ar da suka jefa wuri ɗaya.

Duk da haka ban taɓa jin daɗin zaure kamar a watannin nan ba. Kowa na zuwa da wuri don kada a yanke wani abu ba ya nan. Gardamarmu muke yi, amma da sunan Turawa. In Yaya ya ce mutum ba ya barin ƙungiyar da ta rufa masa asiri, Auta ya ce ƙasa mai furfura ba ta neman iznin maƙwabta kafin ta shuka abin da take so. Da matar nan ta gaji ta sauka, Yaya ya yi mata addu'a kamar wata 'yar unguwa, ya ce baiwar Allah ta yi ƙoƙari, riƙon gida ba sauƙi. In tuwo ya fito a ajiye Ingila a gefe a wanke hannu.

Da damina ta yi nisa rediyo ya shiga maganar fita ba tare da yarjejeniya ba. Auta ya tambaye ni ma'anarta. Na bayyana masa dalla-dalla, domin abin da na iya ke nan: mutum ya tashi ya tafi kawai, ba sallama, ba rabon kaya, abin da ya biyo baya ya biyo. Ya saurara da kyau, fiye da duk ɗalibin da na taɓa koyarwa. Bayan 'yan kwanaki ya ce wa Yaya surukinsa na Boyekai ya yi masa tayin gona da sashen gida. In aka yafa irin albasar bana kafin Kawu ya zo da igiya, da an yanke dawa zai kwashe iyalinsa ya koma can, rabonsa kuma ya bar mana. Bai ɗaga murya ba. Daga ranar ya daina zaman rediyo, tuwonsa ma a ciki yake ci.

Boyekai ba nisa ba ce, babur na zuwa ya dawo kafin azahar. Amma wanda ya bar gidan ubansa ta wannan hanyar, ko ya zo gaisuwar Salla baƙo ne, tabarma ake shimfiɗa masa.

Muka rage mu biyu a zaure. Rediyo na ta zuba, Yaya ya daina tambayar mi sunka ce. Wata la'asar, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Malam, ni ba gonar nika jin tsoron rabawa ba. Na ga gidajen da anka ja igiya, kwano yab bi ta." Littafin da na koyar bai kawo wannan babin ba.

Lokacin yafa iri ya zo, gero na ɗaure a dami, dawa ba ta nuna ba. Irin albasarmu na Baba ne, shi ya zaɓe shi, Yaya ke fitar da sabo kowace shekara ya adana a gora a ɗakinsa. Wata safiya na bi ta fadama, na ga renon maƙwabta ya tsiro kore shar, siriri kamar gashin jariri. Namu ko fartanya ba a sa ba. Na dawo na tarar da Yaya yana gyaran igiyar akuya.

"Yaya, mutane sun yafa."

"Na gani."

"Irin Baba hwa? Ka san ba shi kwana shekara biyu a gora."

"Na kai ma abokina na Marnona. Shi yafa, shi hid da sabo, shi maido muna baɗi."

"Albasar bana hwa?"

"Bana mu saya, kamar malaman makaranta." Ya ƙulle igiyar ya ja ta ya ga ta kamu. "Gaya ma ƙanenka rediyo na nemanai."

Na je na gaya wa Auta. Ya ɗauki babur ya je fadama ya gani da idonsa. Da la'asar sai ga shi a zaure, ya zauna wurin da ya saba, ya ce, "Malam, mi sunka ce yau?"

Da aka yanke dawa aka roro wake, ƙasarmu ta zama wofi, karo na farko tun muna samari. Kawu ya zo da igiyarsa, aka auna tudu aka auna fadama, aka kafa duwatsu. Yana naɗe igiyar ya ce, "Wai mi yat tsai da ku haka? Ni na ɗauka tun da rani za ku aiko." Wannan karon babur ɗinsa ya koma ba albasa a baya.

Lokacin dashe ya riga ya ƙure, Auta ma bai tanadi irin tafarnuwa ba, domin bai taɓa zaton abin zai yiwu ba. Haka muka yi rani guda, magidanta uku a Wurno ba abin da muke ba ruwa. Masu wucewa da injin ban ruwa a bayan babur sukan rage gudu su ce, "Sannunku da hutawa, ma'aikata." Sayen albasa a kasuwa ni aka ɗora wa, Yaya ya ce malamin makaranta ba ya jin irin wannan kunyar. Mai albasar ya san ni, ya san gidanmu, ya ƙara mini gyara yana kau da kai don kada in ga dariyarsa. Muna zaune mu uku cikin sanyin shekarar rediyo ya ce mutanen Ingila sun fita. Yaya ya ce, "Ashe su ma sun samu ƙasa wofi."

Yanzu kowa na da rumbunsa. Abokin Yaya ya maido da iri kamar yadda aka yi, kuma Auta, bayan ya cika rabin fadamarsa da tafarnuwa, ya zo ya roƙi na sauran rabin. Zaman la'asar kam ya tafi: Yaya na gonarsa, Auta na tasa, ni kaɗai nake jin labarin duniya, ba mai tambayata ma'anar komai. Amma in magariba ta yi ana fito da kwano biyu, ɗaya daga sashen Yaya, ɗaya daga na Auta, a ajiye su a tsakiya. Miyar gidan Auta tun daga soro ake jin tafarnuwarta. Yaya yakan ce shi lafiyarsa lau, bai san dalilin da ake ba shi magani kullum ba, sannan ya jawo kwanon gabansa.