Ranar da Muka Matsar wa Alhaji da Tuta

Ko na yi furfura har gira, ba zan manta ranar da aka kai mu daji a koya mana haɗin kai ba. Lokacin ina zuwa gidan burodin wani Alhaji a Rano bayan an tashi daga makaranta, aikina zuba burodi a leda, sai kuma cinye wanda ya ƙone, aikin da ba wanda ya sa ni.

Ciniki ya karye a shekarar. Masu shayin Kibiya da suke rububin kayanmu suka daina karɓa. Kowa a gidan ya san dalili: Alhaji ya sa an rage sukari da bota, an ƙara yis, burodi ya koma ƙato kamar matashin kai amma ciki iska. Shi kuwa likita ya hana shi zaƙi, bai taɓa ɗanɗanawa ba, girman kawai yake gani yana murna. To wa zai faɗa masa? Sai ya yanke cewa rashin haɗin kanmu ne ya kori masu saye. Ya ɗauko wani malamin horo daga Kano, ya kuma rantse in wannan bai gyara mu ba zai rufe gidan. Ni ƙonannen burodi kawai zan rasa. Baba mai gashi kuwa, dattijon da ya tsufa a bakin tanda, da aikin yake ciyar da gida guda.

Aka loda mu a motar rabon burodi zuwa wata fadama wajen Durba, ƙarshen damina, shinkafa ta yi kore shar. Malamin ya zo da wandon ƙwallo da usur a wuya. Muka ja igiya, muka hau dutse, Baba yana haki yana tambaya ko haɗin kan a saman dutsen aka ajiye shi.

Sannan aka zo babban darasi. Malamin ya kafa jar tuta can nesa a kan tudu, ya ce za a ɗaure wa shugaba ido, ma'aikata su kai shi wurinta da baki kawai, ba taɓawa. Alhaji ya tattare babbar riga, aka ɗaure masa fuska da ƙyalle. Ni aka zaɓa in riƙa ba da umarni, wai muryata ta fi tsiwa.

Taku kaɗan Alhaji ya karkace hagu. Na buɗe baki zan ce ya koma dama, direbanmu ya mintsine ni a cinya har na ga taurari. Ya raɗa min cewa yaushe aka haife ni da zan gyara wa Alhaji tafiya.

"Nan ne hanyar?" in ji Alhaji.

"Nan ne, ranka ya daɗe," muka amsa baki ɗaya. Baba har da ƙarawa da cewa bai taɓa ganin tafiya miƙaƙƙiya irin wannan ba.

Da aka ga yana ƙara nisa da tuta, sai masu kwaɓa fulawa biyu, waɗanda suka yi watanni ba sa gaisawa, suka kalli juna, suka ruga tare suka tuge tutar, suka dasa ta gaban Alhaji. Ya sake karkacewa, suka sake tugewa. Malamin yana ta busa usur kamar an saci ƙwallo, ba mai kallonsa. Ni dai ban taɓa ganin haɗin kai irin na ranar ba.

Matsalar ita ce hagun Alhaji gonar shinkafa ce. Masu tuta suka tsaya a bakin ruwa, shi bai tsaya ba. Kowa yana jiran na kusa da shi ya yi magana, har muka ji cakwal. Alhaji ya nutse zuwa gwiwa, ya yi yunƙuri ya kai cinya. Wata mai tallan nono da ke wucewa ta sauke ƙwaryarta ta zauna don ta yi dariyar da kyau. Da igiyar malamin muka jawo shi, takalminsa ɗaya yana can har yau, ina jin ya yi jijiya.

Ya zauna gindin tsamiya, taɓo har gemu. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata mu ke nan. Ya dubi ramukan da aka yi ta dasa tuta, ya dube mu.

"Ashe haka kuke yi min. To ban da tuta, me kuma kuke matsar min da shi?"

Na dubi Baba, kansa a ƙasa. Na matsa inda hannun direba ba zai kai ba, na ɗauko burodin da muka taho da shi na rana, na durƙusa na miƙa masa.

"Alhaji, matsa wannan ka gani."

Ya matsa. Burodin da ya cika leda ya dawo bai kai ƙwan kaza ba. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya tambayi Baba tun yaushe. Baba ya ce tun azumi, ranka ya daɗe, amma dai girman ya yi kyau.

Ba a rufe gidan ba. Sukari da bota suka dawo, masu shayi suka biyo su, Baba yana nan bakin tandarsa. Alhaji kuwa duk inda ya zauna sai ya yabi malamin Kano, wai hawan dutse ne ya gyara mu. Ni ya naɗa ni mai faɗa masa gaskiya, kuma duk ranar da na faɗa sai ya ce ba ni da kunya.

Abin da na koya shi ne, in babba ya nufi taɓo, girmama shi shi ne ka ce masa ya koma dama. Sai dai ka fara matsawa nesa da direba.