Ruwan Goron da ke Ƙarƙashin Lamba

Ni boko aji biyu na yi, allo ma ban je ko'ina ba, amma Allah ya ba ni kunne. Inji in ya yi tari sau ɗaya a ƙofar gidana, na san abin da ke damunsa. Shi ya sa ban taɓa fita neman aiki ba, aiki ke iske ni a zaure, a nan Dandamisa: injin ban ruwa, injin niƙa, wani lokaci babur. Mai ɗakina kan ce ko kasuwar Makarfi sai an ja ni da igiya. Da gaskiyarta.

Zamanin soja ne, shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da sabulu da madara sai an bi layi. Sabon abu ya ɓace a ƙasa, kowa tsohonsa yake lallaɓawa. A lokacin ne maƙwabcina ya kawo mini injin zartonsa. Kirista ne, mutumin kudancin Kaduna, yana zaune da iyalinsa a bayan gidanmu. Da injin nan yake ciyar da 'ya'ya biyar. In iska ta ka da maɗaci ko ɗorawa, shi ake kira ya yanka katako, na ƙofa, na bencin coci, na makaranta. Hausarsa ras, sai dai namiji da mace duk ɗaya ne a bakinsa. Ya ce matarsa ya tafi rijiya, in yi ta dariya, shi kuma ya ce ni da ko gaisuwa ban iya da yarensu ba. Ina ce masa Mai Zarto, yana ce mini Malam.

Gyaran bai ba ni wuya ba, hanyar mai ce ta toshe, fulogi kuma ya mutu. Fentin ne aiki. Jikin injin ya koɗe, ya zama kalar ƙasa, wani wurin ma ya ɓare. Ya ce na yayansa ne da ya rasu, kuma yana so ya gan shi kamar ranar da marigayin ya sauke shi daga mota a ƙauyensu, mutane suka taru suna kallo.

Na tambaye shi ko ja ne, ya ce ba ja ba. Na ce ruwan lemo, ya girgiza kai. Can ya ce ruwan goro. Na ce ai ruwan goro iri-iri ne.

"Malam, irin wanda tsohuwa ya tofa a bango yanzu-yanzu," in ji shi, "tun bai bushe ba."

Fenti mai kyau babu shi a kanti. Wani direba na roƙa ya samo mini ragowa a wurin masu fentin mota a Zariya, ja kaɗan, ruwan ɗorawa kaɗan. Ina haɗawa a gwangwanin madara, in shafa a ɓallen kwano, in sa a rana, don fenti yakan ƙara duhu in ya bushe. Kwana huɗu ina yi. Kullum da la'asar ya zo ya duƙa, ya duba, ya ce saura kaɗan. Shi kalar tana cikin kansa, ni kuwa ban taɓa ganinta ba.

A rana ta biyar idona ya kai kan wani ɗan fallen ƙarfe mai laushi, bai fi akwatin ashana ba, an kafa shi a gefen injin da ƙananan ƙusoshi. Akwai rubutu da lambobi a kai, ni dai ban iya karanta su ba. Na ce a raina, nan rana ba ta taɓa shiga ba. Na sa bakin wuƙa na ɓanɓare. Fallen ya lanƙwashe, ya yage biyu, amma ga kalar nan a ƙarƙashi, sabuwa fil. Murna ta sa na wurga shi cikin bokitin tarkace. Kwana biyu bayan haka, wani maƙeri da ke narka irin ƙarfen nan yana zuba tukwane ya zo ya kwashe tarkacen.

Da samfuri a gabana, kafin azahar na haɗa kalar. Na goge injin, na toshe ramukan ƙusa, na yi shafe uku. Da Mai Zarto ya zo, tsayawa ya yi a bakin zaure. Sai ya cire hularsa ya goge ido da ita. Bai lura da abin da ya ɓace ba, ni ma ban ga abin faɗa ba.

Bayan mako guda aka kira shi aiki a Janfalan, wani ya ɗauke shi a babur. A hanya ya iske shinge, malaman daji da soja biyu. Ya miƙa takardar izininsa. Ashe lambar da ke kan fallen nan ita ce a takardar. Suka juya injin, babu lamba, ga shi yana ƙyalli a zamanin da ba mai iya sayen sabo. Suka ce takardar tsohon inji ce, wannan kuwa ko na sata ne ko na fasa ƙwauri. Suka riƙe.

Ya zo mini a ƙafa, ƙura har gwiwa. Ya ce wataƙila girgizar babur ce ta kakkaɓe fallen a hanya, laifinsa ne da bai duba ba. Na ji shi sarai, na yi shiru. Ya roƙe ni in raka shi ofishin malaman daji a Ikara in shaida ni na yi fentin.

Na je. A harabar ofishin wani magidanci na tsallen kwaɗo cikin rana, soja na tsaye a kansa da bulala, mutane na kallo. Babban malamin dajin dattijo ne mai magana a hankali. Na yi masa bayanin fenti, da gwangwani, da ruwan goro, har ya yi murmushi. Sa'annan ya ce cire lamba aikin ɓarayi ne, amma in an san wanda ya cire da dalilinsa, akwai yadda za a yi.

"Malam, da aka kawo maka injin, akwai lamba a jiki?"

A muryarsa na ji ba tarko yake ɗana mini ba, hanya yake ba ni. Kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba. Amma ta taga ina jin nishin mutumin can.

"Ranka ya daɗe, ban lura ba," na ce.

Dattijon ya dube ni ya daɗe, ya rufe fayil. A motar komowa Mai Zarto sai godiya yake mini, wai na bar aikina na sha rana saboda shi.

Ya yi ta sintiri Ikara har damina ta wuce, injin bai dawo ba. Ya shiga ƙwadago a gonakin rake, yana saran rake da adda, yana tsayuwa bakin wutar mazarƙwaila. Babbar 'yarsa ta bar makaranta. Sau da yawa na tashi da niyyar in zagaya bayan gida in faɗa masa, sai in tarar da shi a gajiye, mu gaisa, mu yi zancen ruwa, in komo. Mai ɗakina ta lura na yawaita aika musu da hatsi, ta tambaye ni dalili, na ce maƙwabtaka.

Rani na biyu ya ce za su koma gida. Na taya su ɗora kaya a akori-kura, gado da tukwane da kaji a kwando. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce in ya yi mini wani laifi a zaman da muka yi, in yafe masa. Na ce babu komai. Ya ɗan jira, kamar yadda ake yi, don ni ma in nemi tawa yafiyar. Direba ya ta da mota. Na ce Allah ya kiyaye hanya.